Muhawara a kan lambar 2,147,483,647: cikin sunayenta wanne ya cancanci a koyar?

Malamin Lissafi, Daura:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Wata matsala ce ta koyarwa nake neman shawararku a kanta. Ranar Talatar da ta gabata, bayan an tashi daga makaranta, wani yaro ɗan aji biyu na babbar sakandare ya biyo ni har gindin darbejiyar da nake kafe babur, riƙe da takardar da ya yago daga tsakiyar littafinsa. Ya kwafo lambar 2,147,483,647 daga intanet, a ƙarƙashinta kuma ya jera abubuwan da aka ce game da ita: cewa firam ce, wato babu lambar da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta, cewa ta gidan Mersenne ce, har ninki biyu, cewa ta gidan Gauss ce, cewa ba ta da tagwai, cewa in an haɗa alƙalumanta goma ana samun 46, cewa in an karanta ta daga baya ta zama cika, ba mara ba. Tambayarsa ita ce wanne zai haddace a ciki.

Na ce masa ya ba ni mako guda. Abin da ya hana ni amsawa nan take shi ne, a ganina yawancin waɗannan sunaye kirari ne kawai, suna ƙawata lambar amma ba su gaya wa yaro komai game da yadda aka gane ta. Guda ɗaya tak nake ganin ya ɗauki nauyi, shi ne cewa lambar nan 2^31 − 1 ce: a jera biyu har guda 31 ana ninkawa, sannan a ɗebe ɗaya, kuma wannan siffar ce ta sa ta a gidan Mersenne. Amma ban so in yanke wa yaro hukunci da ra'ayina ni kaɗai, shi ya sa na kawo maganar nan.

Malamar Hausa, Katsina:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin masu lissafi su shiga, ina roƙon a gyara mana sunan tukuna, domin kalmar firam ba ta faɗa wa Bahaushe komai, kuma "lamba ta farko" da nake gani a wasu rubuce-rubuce ta fi ta ɓatarwa, tunda duk wanda ya ji zai ɗauka ana nufin 1, alhali na ji kuna cewa 1 ba ta cikinsu. Hausa tana da nata ginin na irin wannan hali, shi ne ya ba mu gagara-badau da gagara-gasa. Me zai hana mu ce lamba gagara-raba?

Ɗalibar Lissafi, Katsina:
Malama, sunan ya yi daɗi a baki, sai dai ina da ɗan tsoro. Bakwai tana rabuwa gida bakwai, kowa ya sami ɗaya. Kada yaro ya ji "gagara" ya zaci ba ta rabuwa ko ta wace hanya.

Tsohon Malami, Ƙofar Soro:
'Yata, tsoronki yana kan hanya, amma maganinsa jumla ɗaya ce a farkon darasi. A ce wa yaro: ga goro goma sha biyu, kasa shi kashi-kashi daidai, zai kasa biyu-biyu, uku-uku, huɗu-huɗu ko shida-shida. Ga goro goma sha uku, sai dai ya bar shi tuli guda ko ya warwatsa shi ɗai-ɗai. Wanda ya taɓa yin wannan da hannunsa ba zai ruɗe da sunan ba. Ni na karɓi gagara-raba, mu yi amfani da shi a nan mu ga ko zai ɗauki kaya.

Injiniya, Ƙofar Ƙaura:
Baba, barka da yamma. Malam, ni a wurina abin da ya kamata yaron ya fara sani ba ya ma cikin jerin da ya kwafo. Wannan lamba ita ce iyakar abin da kwamfuta ke iya riƙewa a ma'aji mai gurbi 32, idan an ware gurbi ɗaya don nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa da shi. Sauran gurabe 31 in duk suka cika da ɗaya-ɗaya, abin da ke ciki shi ne 2,147,483,647, kuma in aka ƙara ɗaya a kai sai lissafin ya kife ya koma −2,147,483,648.

Da idona na ga haka. Shekarun baya na rubuta wa wani ɗan kasuwar hatsi manhajar ajiye lissafi, na sa tana ƙirga kuɗi da kwabo don kada a yi asarar ɗigo. Da kaka ta yi, cinikin ya hau, wata safiya ya kira ni hankalinsa a tashe, ya ce allon yana nuna ana bin sa bashin fiye da naira miliyan 21, shi kuwa ya san ba a bin sa ko sisi. Da na zauna na duba, jimillar ta haye naira 21,474,836 da kwabo 47, wato kwabo 2,147,483,647 cif. Kuskuren nawa ne, na gyara shi a ranar, amma tun daga lokacin ban sake mance wannan lamba ba.

Irin wannan ne ke jiran tsofaffin na'urorin da ke ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairun 1970. Ma'ajinsu zai cika ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 4:14 da daƙiƙa 7 na asuba agogon Najeriya. Wannan shi ne abin da zai taɓa rayuwar yaron, ba gidan Gauss ba.

Ɗalibar Lissafi, Katsina:
Injiniya, labarinka ya nuna muhimmancin lambar, amma da izininka bai taɓa tambayar Malam ba. Manhajarka ba ta kife don lambar gagara-raba ce ba, ta kife ne don gurabe sun ƙare. Hujjata ita ce, a ma'aji mai gurbi 16 iyakar ita ce 32,767, wadda take 7 × 31 × 151, kuma shi ma yana kifewa haka nan in an haye ta. A ma'aji mai gurbi 64 da ake amfani da shi yanzu iyakar ita ce 2^63 − 1, wadda 7 ke raba ta. Ke nan dacewa ce kawai aka yi, masu ƙera kwamfuta suka zaɓi 32, sai iyakar ta faɗo a kan lambar da masana suka riga suka sani shekaru ɗari biyu kafin nan. Idan muka haɗa wa yaro abubuwan biyu ba tare da mun raba masa su ba, zai tashi da fahimtar da ba daidai ba.

Tsohon Malami, Ƙofar Soro:
Yarinyar nan ta yi gaskiya. Bari in ɗan tsawaita, domin abin da zan faɗa shi ne dalilin da ya sa nake goyon bayan Malamin Daura.

Tambayar da ya kamata yaro ya yi ita ce: ta yaya mutum, ba da na'ura ba, ya tabbatar cewa babu abin da ke raba lamba mai alƙaluma goma? Wanda ya yi wannan aiki shi ne Leonhard Euler, mutumin Basel ta ƙasar Suwizalan, ya sanar da shi a wasiƙar da ya aika wa Daniel Bernoulli a 1772, a lokacin kuwa idanunsa sun riga sun tafi.

Mataki na farko kowane ɗan sakandare zai gane shi. In lamba tana rabuwa, to ɗaya daga cikin masu raba ta ba zai wuce tushenta ba, wato lambar da in an ninka ta da kanta za a iso gare ta. A nan 46,340 sau 46,340 bai kai lambarmu ba, 46,341 sau 46,341 kuwa ya wuce ta, saboda haka bincike ya tsaya a 46,340. Gagara-raba da ke ƙasa da wannan iyaka sun kusa 4,800. Aiki ne mai yiwuwa, amma na watanni, kuma kuskure ɗaya ya ɓata shi duka.

A nan siffar lambar ta shigo. Mu ɗauki ƙaramar 'yar'uwarta, 2^11 − 1, wato 2,047, wadda ke rabuwa 23 × 89. Ku yi ta ninka biyu kuna raba wa 23, kuna riƙe saura kawai: 2, 4, 8, 16, 9, 18, 13, 3, 6, 12, 1. Ku ƙirga, a taki na 11 aka dawo 1, kuma wannan dawowar ita ce ma'anar cewa 23 tana raba 2^11 − 1. To Fermat, masanin lissafi ɗan Faransa, ya riga ya nuna cewa ga kowace gagara-raba mara, tsawon wannan zagaye dole ya raba lambar da ke ƙasa da ita da ɗaya. Ku duba: 23 a ɗebe ɗaya 22 ne, wato 11 sau 2, 89 a ɗebe ɗaya 88 ne, wato 11 sau 8. Ba dacewa ba ce, tilas ce.

Mu dawo kan tamu. Duk gagara-rabar da za ta raba 2^31 − 1, zagayenta 31 ne, saboda haka in an ɗebe mata ɗaya dole 31 ta raba ta, kuma tunda mara ce, abin da ya rage cika ne, ke nan 62 ma za ta raba. Waɗanda ake zargi sun zama 63, 125, 187, 249, 311, a yi ta ƙara 62, su 747 kafin a kai iyaka. Akwai kuma ƙa'ida ta biyu, cewa mai raba irin wannan lamba in an raba shi da 8 saura sai dai 1 ko 7. Wannan ya fitar da 125 da 187 da ire-irensu, rabi ya zube, saura 373. A cikinsu ma da yawa ba gagara-raba ba ne, kamar 63 da 249, in an tsame su abin da ya rage bai kai ɗari ba. Daga kusan 4,800 an dawo ƙasa da ɗari, aikin watanni ya koma na 'yan kwanaki.

Wannan shi ne abin da nake nufi in na ce suna yana ɗaukar kaya. Kasancewarta 2^31 − 1 ne ya ba Euler wuƙar da ya yanke aikin. Jimillar alƙalumanta 46 kuwa ba ta rage masa ko rabawa ɗaya ba.

Malamin Lissafi, Daura:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Na ɗauki biro na gwada ta farko a jerin, wato 311, ta hanyar riƙe saura da Baba ya nuna, ban ma taɓa babbar lambar ba. Biyu goma a jere 1,024 ne, saura 91. Na ninka 91 da kanta na sami 8,281, saura 195, wannan na biyu ashirin ke nan. Sai 195 sau 91 ya ba ni 17,745, saura 18, na biyu talatin. Ninki ɗaya ya rage, ya zama 36. Da 311 tana raba lambar, da 1 zan gani a nan. In an ɗebe ɗayan saura 35, kuma na tabbatar da doguwar rabawa: 311 × 6,905,092 ya ba da 2,147,483,612, saura 35 daidai. Bai ɗauke ni minti biyar ba. Yaran ajina za su iya wannan.

Mai Shagon Waya, Daura:
Malamai, ku yi haƙuri da tambayar wanda ba fanninsa ba ne. Na sha jin cewa da irin waɗannan manyan lambobi ake kulle saƙonnin banki da na WhatsApp. Shin wannan lambar da kuke magana a kai tana cikin makullan, ko kuwa waccan babbar da aka ce an gano kwanan baya?

Injiniya, Ƙofar Ƙaura:
Alhaji, tambayar tana da kyau, amsar kuma a'a ce ga duka biyun. Tsarin kulle saƙo da ake kira RSA, wanda aka fitar a 1977, yana ɗaukar gagara-raba biyu a ɓoye, ya ninka su, ya bayyana sakamakon ga kowa, ƙarfinsa kuwa shi ne wahalar komawa baya a gano biyun. A makullin da aka saba amfani da shi yau, sakamakon yana da alƙaluma 617, kowace cikin biyun tana da fiye da 300. Tamu mai alƙaluma goma ta yi ƙanƙanta ƙwarai, wayar da ke hannunka za ta warware ta kafin ka ɗaga ido. Na gidan Mersenne kuma duk an san su, 52 ne kacal a jerin da aka gano, ɓarawo zai gwada su ɗaya bayan ɗaya. Makullin da kowa ke da irinsa ba ya tsare ɗaki.

Na kuma karɓi gyaran ƙanwata, cikar ma'aji daban, gagarar rabo daban. Amma akwai wuri guda da suka haɗu. Idan kwamfuta tana bukatar lambobin da suka yi kama da na ƙuri'a, akwai tsohuwar hanya da Park da Miller suka ba da shawarar a riƙe a 1988: a ɗauki lamba, a ninka ta da 16,807, a raba da 2,147,483,647, a riƙe saura, a maimaita. Saboda lambar gagara-raba ce, kuma an zaɓi 16,807 da kyau, zagayen ba ya dawowa sai ya taka kowace lamba daga 1 har 2,147,483,646. Zagaye ne irin wanda Baba ya nuna da 23, sai dai wannan ya fi biliyan biyu tsawo. An zaɓe ta ne don ta cika ma'ajin daidai kuma ba ta rabuwa, halayen biyu suka yi aiki tare.

Ɗalibar Lissafi, Katsina:
Na gode, Injiniya. Yanzu kuma ina so in ɗan saɓa wa Malam da Baba, domin ban yarda a tattara sauran sunayen duka a kira su kirari ba. A ganina kashi biyu ne, kuma bambancinsu shi ne darasin.

Kashi na farko ya rataya ne ga yadda muke rubuta lamba da alƙaluma goma. Jimillar 46, da karantawa daga baya a sami 7,463,847,412, duk na wannan kashi ne. In an rubuta lambar da sifili da ɗaya irin na kwamfuta, ɗaya ce guda 31 a jere, gaba da baya duk ɗaya, jimillarta kuma 31. Halin da ke canzawa in an canza rubutu, na rubutun ne, ba na lambar ba. A nan na yarda da Malam.

Kashi na biyu kuwa na lambar ne ko da wane rubutu aka rubuta ta. Batun Gauss misali: gagara-rabar da ke barin saura 1 in an raba ta da 4 tana rubutuwa a matsayin jimillar murabba'i biyu, wato lambobin da ake samu in an ninka lamba da kanta, kamar 13 da take 4 + 9, ko 29 da take 4 + 25. Wadda ke barin saura 3 ba ta taɓa yin haka, kuma ita ce ke ci gaba da gagara ko a faffaɗan tsarin lambobin da Gauss ya gina. Tamu ta ƙare da 47, wato 44 da 3, saura 3 ke nan. Abin sha'awar shi ne ba sai an duba ƙarshenta ba, domin 4 tana raba 2^31, in an ɗebe ɗaya kuwa dole saura ya zama 3. Haka batun tagwai: tagwai su ne gagara-raba biyu da tazarar 2 ke tsakaninsu, kamar 11 da 13. A sama da tamu akwai 2^31 + 1, wadda 3 ke raba ta, kamar yadda take raba duk irinta in lambar bisa, wato wadda ke mazaunin 31 a nan, mara ce. A ƙasa akwai 2,147,483,645, mai ƙarewa da 5. Maƙwabtanta na kusa su ne 2,147,483,629 da 2,147,483,659.

Akwai ma wanda lambar ta faɗi a cikinsa, amma faɗuwar ta fi wasu nasarori kyau. Gidan Sophie Germain, masaniyar lissafi 'yar Faransa, na gagara-rabar da in an ninka ta biyu an ƙara ɗaya ake samun wata gagara-rabar ne, kamar 11 da 23. Tamu in an yi mata haka ana samun 4,294,967,295, wadda ke rabuwa 3 × 5 × 17 × 257 × 65,537. Ku ninka su a hankali ku gani: 15, sai 255, sai 65,535, kowanne ninkin biyu ne ba ɗaya. Waɗannan biyar kuwa su ne kaɗai gagara-rabar da aka sani har yau a gidan Fermat, wato lambobin da ake samu in an ƙara ɗaya a kan 2, 4, 16, 256 da na gaba da su, inda kowace ta baya ce aka ninka da kanta. Ni dai ba zan so a hana yaro ganin wannan ba.

Malamin Lissafi, Daura:
Ƙanwata, kin gyara mini magana, na kuma karɓa, kalmar kirari ta yi faɗi da yawa. Sai dai ki lura da abin da kika yi da hannunki: saura 3, da rabuwar ta sama da 3, da 4,294,967,295 wadda ba komai ba ce illa 2^32 − 1, duk daga siffar 2^31 − 1 kika ciro su. Ke nan uwa ɗaya ce, sauran 'ya'yanta ne. Yaron da ya riƙe uwar zai iya fitar da 'ya'yan da kansa, wanda ya haddace 'ya'yan kuwa ba zai iya komawa ga uwar ba. Saura batun Mersenne ninki biyu, wanda ni kaina ban taɓa koyar da shi ba.

Tsohon Malami, Ƙofar Soro:
Wannan mai sauƙi ne. Lambar bisa, wato 31, ita kanta 2^5 − 1 ce, ke nan gidan Mersenne a cikin gidan Mersenne. Huɗu aka sani masu wannan hali: 7, da 127, da tamu, da 2^127 − 1 mai alƙaluma 39, wadda Édouard Lucas ya tabbatar a 1876. Kada a zaci abin yana ɗorewa, domin in aka ɗora tamu a bisa, aka ce 2^2,147,483,647 − 1, an riga an gano masu raba ta.

Shi Marin Mersenne, malamin coci ne a Faransa, a 1644 ya jera lambobin bisa da ya ce suna ba da gagara-raba: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Ya dace a 31 da 127, ya yi kuskure a 67 da 257, ya kuma tsallake 61, 89 da 107. Sai a 1903 Frank Cole ya nuna a fili cewa 2^67 − 1 ita ce 193,707,721 × 761,838,257,287. Ina son a gaya wa yara wannan, domin su ga cewa faɗar babban malami ba ta zama hujja sai an gwada. Tamu ita ce ta takwas a gidan, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287, kuma tsakaninta da ta bakwai sai da 2^23 − 1 da 2^29 − 1 suka faɗi, 47 ta raba ta farko, 233 ta raba ta biyu. Ku lura 47 ita ce 46 da ɗaya, 233 kuma 29 sau 8 da ɗaya, ƙa'idar ɗazu ce dai.

Abin da ya ja hankalin magabata zuwa wannan gida tun farko shi ne kamilar lamba, wadda in an haɗa masu raba ta, ban da ita kanta, ake dawowa gare ta, kamar 6 da take 1 + 2 + 3, da 28 da take 1 + 2 + 4 + 7 + 14. Tun zamanin Uƙlidis, tsohon masanin lissafi Bagirke, aka san cewa kowace gagara-rabar wannan gida tana haifar da kamila guda: 7 sau 4 ta ba da 28, 31 sau 16 ta ba da 496. Tamu sau 2^30 ta ba da 2,305,843,008,139,952,128, kamila ta takwas.

Malamar Hausa, Katsina:
Baba, duk sunayen da ake ambata na Turai ne. Na sha jin ana cewa Katsina ta yi nata masanin lissafi a ƙarnin Euler, har wasu na cewa ya riga Turawa sanin waɗannan abubuwa. Yaya gaskiyar maganar take?

Tsohon Malami, Ƙofar Soro:
Malama, rabin maganar gaskiya ne, rabin kuma ƙari ne, kuma mutumin ba ya bukatar ƙarinmu. Shi ne Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, wato Bakatsine, wanda ya tafi aikin hajji, ya zauna a Masar, ya rasu a Alƙahira a 1741. A 1732 ya yi rubutu da Larabci a kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, irin mai uku-uku da kowane layi ke ba da 15, da mai biyar-biyar, da na gaba da su. Aikin lissafi ne na gaske, mai ƙa'ida da tsari. A wannan shekarar ta 1732 ce kuma Euler, yana saurayi, ya nuna cewa 641 tana raba 2^32 + 1, ya rushe zaton Fermat na cewa duk lambobin gidansa gagara-raba ne. Zamaninsu ɗaya, kowa da fagensa, fagen namu hatimi ne, ba gidan Mersenne ba. Abin da zan so yaron Daura ya ɗauka shi ne, a lokacin da ake wannan aiki a can, akwai mutumin ƙasar nan da ke zaune da alƙalami yana bin lambobi da irin wannan haƙuri.

Ɗalibar Lissafi, Katsina:
Tunda Alhaji ya ambaci babbar da aka gano, bari in cike wannan, domin ita ma tana ƙarfafa maganar Malam. Ita ce 2^136,279,841 − 1, mai alƙaluma 41,024,320, wadda Luke Durant ya gano a Oktoban 2024 a ƙarƙashin shirin GIMPS, na masu sa kai da ke ba da aron ƙarfin kwamfutocinsu tun 1996. In mutum zai karanta alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya haura shekara guda da wata uku.

Dalilin da ya sa mafi girman da aka sani kusan kullum daga wannan gida take fitowa shi ne suna da gwaji nasu na kansu, na Lucas da Lehmer, wanda ba ya bukatar a nemi mai rabawa ko ɗaya. A fara da 4, a ninka ta da kanta, a ɗebe 2, a raba da lambar da ake gwadawa a riƙe saura, a maimaita sau adadin lambar bisa ba biyu. In an ƙare a sifili, gagara-raba ce. Ga 31, lambar bisa 5 ce, taki uku ke nan: 4 ta ba da 14, 14 ta ba da 194 wadda saurarta 8, 8 ta ba da 62 wadda 31 ke raba ta, sifili. Ga 2,047 taki tara ne, ana ƙarewa a 1,736, ta faɗi. Tamu taki 29 kawai take bukata, inda Euler ya yi rabawa da dama.

Malamin Lissafi, Daura:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na shirya wa ranar Talata. Zan kai ƙananan duwatsu goma sha biyu da goma sha uku a yi kashi, in rubuta gagara-raba a allo kusa da firam kamar yadda Malama ta kawo. Daga nan mu yi zagayen 23 tare, sannan in raba ajin rukuni-rukuni, in ba kowane rukuni lamba ɗaya daga jerin waɗanda ake zargi, su nemo saurarta da kansu. Yaron da ya kawo takardar shi zan ba aikin raba jerinsa gida biyu, na rubutu da na lamba, kamar yadda ƙanwata ta tsara. Baba, ina roƙon a turo mini gagara-raba goma na farko da ke bin 311 a jerin, domin in gwada su a gida kafin in ba yara.

Tsohon Malami, Ƙofar Soro:
Malam, ba sai na turo ba, ka fi ni saurin hannu. Ka fara daga 249 kana ƙara 248, ka kuma fara daga 311 kana ƙara 248, layi biyu ke nan, ka tsame duk wadda ke rabuwa. Za ka ga 497 ta fita don 7 na raba ta, 559 ta fita don 13, 745 ta fita don 5, 807 da 993 sun fita don 3. In ka sami goman ka kawo su nan mu duba tare kafin Talatar.